Kiran da Ya Ɗaga a Hanyar Kongolam

Tun da safe Malam Amadu ya yanke maganar. Yana tura babur ɗinsa daga zaure zai tafi kasuwar Mai'adua, inda yake dillancin dabbobi, ya ce wa 'yarsa Rauda ba tare da ya dube ta ba:

"Ki faɗa wa direban nan kada in ƙara ganin motarsa a ƙofar gidana. Iyayen Yazid sun yi mini magana, na kuma ji daɗinta."

Rauda ba yarinya ba ce. Ta gama karatun koyarwa, tana da ajinta a wata firamare a cikin Daura, kuma babu wanda bai sani ba a gidan cewa direban nan, Harisu, take so. Amma ba ta taɓa mayar wa mahaifinta magana ba, ranar ma ba ta mayar ba. Ta wuni da abin a ƙirji. Bayan la'asar ta kasa, ta shige ɗaki ta kira shi.

Harisu yana kan hanya daga Kongolam, motar haya cike, biyu a gaba, saura a matse a baya. Ya ga sunanta, ya bar wayar ta gama ƙara. Ta sake kira. Ya ɗaga.

"Rauda, ina tuƙi. Bari in isa tasha."

"Kada ka kashe. Wallahi in ka kashe ban san abin da zan yi ba."

"Kuka kike? Me aka yi miki?"

"Baba ya ce kada ka ƙara zuwa. Ya karɓi maganar Yazid."

Wani dattijo da ke zaune kusa da shi ya ce, "Direba, ajiye wayar nan mana, rayuka ka ɗauko."

Harisu ya gyaɗa masa kai, amma bai ajiye ba. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kunne, ƙafarsa tana ƙara nauyi a kan totur bai sani ba.

"Ya karɓa da bakinsa? Ke me kika ce masa?"

A daidai wata kwana kusa da wani ƙauye, wani babur ya hau titi daga 'yar hanyar gona, da rago ɗaure a bayansa. Harisu bai gan shi ba sai da fasinja suka yi salati. Ya taka birki, ya fizgi sitiyari da hannun nan ɗaya. Motar ta ja taya, ta daki babur ɗin ta gefe. Mutum da rago da ƙarfe suka tashi sama tare.

Wayar ta faɗa ƙarƙashin kujera. Ba ta mutu ba.

Akwai abin da ake koya wa duk wanda ya fara tuƙi a tasha tun kafin ya iya ribas: in ka buge mutum, kada ka tsaya. Ka wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda, ko gidan dagaci, ka miƙa kanka can. Wanda ya tsaya, mutane ba sa jiran su ji ba'asi.

Harisu ya san wannan sarai. Har ya mayar da giya. Sai ya kalli madubi, ya ga fuskar wanda ke kwance a bakin kwalta.

Ya kashe motar ya fito da gudu.

"Baba. Baba, ni ne Harisu. Kada ka motsa."

Ƙafar Malam Amadu ta dama ta karye ƙasa da gwiwa, ƙashi a waje, jini yana tsartuwa. Harisu ya cire rigarsa ya ɗaure wurin, ya sunkuci tsohon, ya yi wa fasinjan baya tsawa su fita. Ya kwantar da shi a kujera. Yana zagayawa zai shiga mazauninsa, dutse na farko ya same shi a ƙeya.

Masu dawowa daga kasuwa ne, da samarin ƙauyen, da 'yan acaɓa. Wajen nan ya sha cin mutanensu, kuma direbobin duk gudu suke yi. Yau sun kama ɗaya.

"Ku bari in kai shi asibiti, in na dawo ku kashe ni."

Babu wanda ya saurare shi. Wani ya maka masa sanda a haƙarƙari, wani ya sa masa ƙafa ya faɗi. Suka rufe shi. Yana ta miƙa mabuɗin sama yana cewa wani ya karɓa ya ja motar, aka take hannun da takalmi har mabuɗin ya ɓace cikin ƙasa.

Wasu suka ciro Malam Amadu suka shimfiɗe shi a gindin darbejiya, suna ganin taimakonsa suka yi. Wani ya ruga wajen mai sayar da fetur a kwalba ya kwaso. Aka kwara wa kujerun motar, aka ƙyasta ashana.

A Daura, Rauda tana tsaye tsakiyar ɗaki da waya a kunne. Ta ji ƙarar taya, ta ji ihun mata, ta ji muryar Harisu yana kiran wani Baba. Sannan ta ji wani yana cewa, "Ai Malam Amadu ne, dillalin nan na Daura." Ta ji sandunan suna sauka. Layin bai yanke ba sai da wuta ta kai ga wayar.

Motar da za ta kai shi asibiti ita ce aka ƙone. Sauran motoci da suka hango hayaƙi da taro sai su juya, kowa yana tsoron a ɗora masa. Tsohon ya kwanta yana zubar da jini har sai da wata motar shanu ta tsaya, 'yan sanda kuma suka iso suka janye Harisu daga ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Asibiti ɗaya aka kai su. Likita ya fito ya ce wa Inna Kande, mahaifiyar Rauda, an ceto ran mijinta amma ƙafar sai an cire. Ya ce da an kawo shi da wuri da wata maganar ake yi.

Nu'uman, yayan Rauda, mai lodin shanu ne, ƙato, kuma tun asali ba ya son Harisu. Yana jin maganar likita ya bar wajen. Rauda ta bi shi a guje, don ta san inda ya nufa.

Harisu yana kwance a ɗakin maza, kai naɗe, muƙamuƙi a kumbure, ankwa ta haɗa hannunsa da ƙarfen gado. Nu'uman ya ture ɗan sandan da ke gadi, ya shaƙe shi da hannu biyu. Gadon ya ja baya ya bugi bango, ledar ƙarin ruwa ta faɗo ta fashe.

"Don ya hana ka 'yarsa, shi ya sa ka bi ta kansa?"

Sai da mutum uku suka ɓamɓare shi. Harisu bai kare kansa ba, ko hannun da ba a ɗaure ba bai ɗaga ba. Idonsa ɗaya da ke buɗe yana kan Rauda, ita kuma ta kasa ƙarasowa daga bakin ƙofa.

Yazid ya zo a ranar. Ɗan gidan wani babban mai fataucin shanu ne, mai sanyin magana. Ya ba da jininsa aka ƙara wa Malam Amadu, kullum kuma sai ya leƙo. Da aka sallami tsohon, a motarsa aka dawo da shi gida, yana tafiya a hankali yana kauce wa kowane rami. Inna Kande ta yi ta sa masa albarka a gaban Rauda, da ƙarfi, don ta ji.

Harisu kuwa da ya ɗan warware aka kai shi ofishin 'yan sanda, aka sa shi bayan kanta.

Lokacin da bakinsa ba ya buɗuwa, manyan tasha sun riga sun yi magana a madadinsa. Birki ne ya shanye, suka ce. Abin da aka saba faɗa ke nan, kuma motar ta zama toka, babu mai duba birkinta. Yawancin fasinjan sun watse tun da aka kunna wuta.

Wata ranar Asabar da hantsi Sufeto Jibril, mai binciken haɗarin, ya zo gidan. Malam Amadu yana kwance a rumfa, an rufa masa zane a inda ƙafar take dā. Rauda tana gefe tana yi masa fifita.

"Malam, magana biyu ce," in ji sufeton. "In birki ne, kuma kun ce kun yafe, sai a yi sulhu a sallame shi. In kuwa ganganci ne, wannan laifi ne da kotu ke hukuntawa, akwai ɗauri, akwai karɓe lasisi. Wata mata cikin fasinjan ta faɗa wa yaranmu a wajen cewa waya yake yi da wata mace. To amma ta tsallaka Nijar, ba mu da inda za mu same ta. Babu shaida, babu yadda za mu yi."

Malam Amadu ya ce zai yi tunani. Sufeto ya yi sallama ya fita.

Nu'uman ya juyo yana dariyar da babu daɗi a cikinta.

"Kin ji ko, malamar makaranta? Wanda kike mutuwa a kansa. Yana can yana zuba da wata 'yar tasha, ya yi wa ubanki gunduwa-gunduwa. Wa ya san ko su nawa ne? Duk garin da ya sauke fasinja akwai tasa."

"Yaya, ka bari."

"In bar me? Karuwarsa ta fi ƙafar Baba daraja, ke kuma kina nan kina ƙin cin abinci."

"Ba karuwa ba ce."

"Kin san ta ne?"

Maficin ya tsaya a hannunta.

"Ni ce. Ni na kira shi. Ya ce yana tuƙi, na ce kada ya kashe."

Inna Kande, da ke tankaɗe a bakin madafa, ta saki rariyar.

Marin farko ya jefar da Rauda kan randa, randar ta fashe. Nu'uman ya fizgo igiyar ɗaurin shanu daga jikin turke, ya ninka ta biyu, ya shiga zuba mata a baya, a wuya, a hannun da take kare fuska da shi. Ba ta gudu ba. Ta dunƙule cikin ruwa da ɓaraguzan randa, leɓenta yana jini. Inna Kande ta riƙe masa riga, ya wancakalar da ita bai ma san ya yi ba.

"Nu'uman."

Muryar tsohon ba ta da ƙarfi, amma igiyar ta tsaya a sama.

"A gabana? Don ka ga ba na iya tashi?"

Nu'uman ya yar da igiyar yana haki. Ya kalli ƙanwarsa, sai wani tunani ya zo masa, fuskarsa ta sake.

"Baba, ai shi ke nan. Sufeto shaida yake nema. Ga ta nan a cikin gidanmu."

Malam Amadu ya kau da kai. Yana kallon rufin rumfa, hannunsa yana shafa zanen a inda babu komai a ƙarƙashinsa.

"Matso nan, Rauda."

Ta rarrafo ta durƙusa.

"A gidan nan ba mu taɓa kai ƙaddara gaban alƙali ba. Ƙanena mota ce ta kashe shi a hanyar Dutsi, mahaifinmu ya je da kansa ya ce a saki direban. Ni ma zan iya. Zan aika wa sufeto in ce na yafe, yaron ya koma wajen uwarsa, maganar waya ta mutu a tsakar gidan nan."

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara..."

"Ban gama ba. Za ki dafa kaina ki ce kin bar shi har abada. Ba zan zauna ina kallon wanda ya cire mini ƙafa yana shigo mini gida a matsayin suruki ba. In kin ƙi, to, a tafi kotu, ke kuma ki tsaya ki faɗi abin da kika faɗa yanzu. Da bakinki za a ɗaure shi."

"Baba, ka dube ni da rahama."

"Na dube ki. Ki je ki yi tunani."

Washegari ta sa hijabi mai kauri don ya rufe shatin igiya, ta tafi ofishin 'yan sanda. Sufeto Jibril ya kalli leɓenta, bai tambaya ba. Ya sa aka fito da Harisu aka zaunar da shi a benci, ɗan sanda yana tsaye nesa kaɗan.

Ya rame. Haƙoransa na gefe sun zube, maganarsa tana fita a hankali.

"Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Wa ya taɓa miki baki?"

"Na faɗa musu, Harisu. Na ce ni ce a wayar."

Ya runtse ido. "Abin da na yi ta yin shiru dominsa ke nan. Ƙaryar birkin nan tana ci na, amma na ce gara ita da a ja sunanki a gari."

Ta faɗa masa sharaɗin mahaifinta, tana yi hawaye yana katse ta. Da ta gama ta ce:

"Ka bar ni in dafa. Ka fita daga nan. Mahaifiyarka ba ta da kowa sai kai. In aka ɗaure ka, aka karɓe lasisinka, me za ta ci? Ni na jawo, bari ni in ɗauka."

"Ki auri Yazid ke nan."

"Ban ce zan aure shi ba."

"Za a kai ki can. Ba yau ba, amma za a kai ki."

"To ya kake so in yi? In tsaya a gaban mutane in nuna ka da yatsa?"

Harisu ya kalli hannunsa da aka take, yatsu biyu har yanzu ba sa lanƙwasuwa.

"Rauda, akwai wani a tasharmu, ya kashe mai keke, aka yafe masa. Satin bai ƙare ba ya koma hanya. Da damina ya sake kashe wata mata, aka sake yafewa. Muna zama muna shan shayi da shi, muna cewa Allah ya kiyaye gaba. Mutanen da suka dake ni, ba ni kaɗai suke duka ba. Na gane haka ina kwance a ƙasa."

"Su ne suka ƙone motar. Su suka jawo aka cire ƙafar."

"Nasu daban, Allah zai tambaye su, hukuma ma tana neman su. Ni nawa na sani."

"Ni na ce kada ka kashe wayar."

"Ke kika ce, ni na ƙi kashewa. Ba ke ce a kan sitiyari ba. Wani dattijo ma ya ce in ajiye, na gyaɗa masa kai kamar ɗan kirki."

Ta sa fuska cikin hijabi tana kuka sosai. Ɗan sandan ya kau da kai.

"In Baba ya yafe mini don Allah, ina so, zan je in durƙusa in karɓa," Harisu ya ce. "Amma yafiyar da za a saya da ke, ba na so. Gobe zan kira sufeto in faɗa masa gaskiya. In na amsa laifina, wataƙila ba sai kin tsaya ba."

"In an ɗaure ka fa?"

"A ɗaure ni. Ɗauri yana ƙarewa."

"Mahaifiyarka fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ban ce ki jira ni ba," ya ce daga baya. "Ba ni da bakin cewa haka. Ki yi abin da za ki iya ɗauka."

Aka ce lokaci ya yi. Ya miƙe da ƙyar yana dafe da haƙarƙari, aka mayar da shi ciki.

Da ta dawo gida motar Yazid tana ƙofa. Ya kawo wa Malam Amadu sandunan dogarawa sababbi, an jingine su a jikin rumfa. Yana ganinta ya gaishe ta da ladabi, ya ce bari ya jira a waje. Nu'uman yana zaune a kan turmi. Inna Kande ta ɗebo ruwan ɗumi a kwano za ta ba tsohon magani.

Rauda ta karɓi kwanon daga hannun uwarta, ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Kin je wajensa," Malam Amadu ya ce.

"Na je, Baba."

"To ga kaina."

Ya sunkuyo da shi kaɗan. Furfurar ta ƙaru a kwanakin nan. Rauda ta kalle ta.

"Baba, a kai shi kotu. Zai amsa laifinsa. In an neme ni, zan tsaya in faɗi nawa."

Nu'uman ya buga cinya. "Alhamdu lillahi. Ta dawo hankalinta. Inna, a kira Yazid ya shigo."

"Kada a kira shi, Yaya. Ban bar Harisu ba. In ya gama abin da aka yanke masa, ina nan."

Nu'uman ya miƙe. Tsohon ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya koma ya zauna.

"Rauda," Inna Kande ta ce a hankali, "ki dubi ƙafar ubanki."

"Ita nake duba, Inna. Kullum ni nake wanke ta."

Malam Amadu ya ɗago kansa. Babu faɗa a fuskarsa, kuma da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Na ji. Za a yi shari'a. Amma ranar da ya fito, ki nemi wanda zai ba da aurenki. Ba ni ba."

"To, Baba."

Ta ɓare maganin, ta miƙa masa tare da kwanon. Ya dubi hannunta, da shatin igiya kwance a bayansa.

"Kande," ya ce, "zo ki karɓa ki ba ni."